Kafin ka tura saƙon farko: yadda na koyi tallan imel a sabon kamfaninmu

Mu uku muka kafa kamfanin. Biyu suna rubuta manhajar, wadda ƙananan 'yan kasuwa ke fitar da takardar neman biya da ita, su kuma san wanda ya biya da wanda suke bi bashi. Ni aka ɗora wa neman kwastomomi, alhali ban taɓa tura saƙon talla ko ɗaya ba. Bayani kam ga shi nan birjik a intanet, har ya yi yawa. Wanda zai ce maka ga abin da za ka fara da shi, ga na biyu, ga wanda za ka bari sai kwastomomi sun samu, shi na rasa. Don haka zan jero abin yadda na bi shi, da inda na jira, da inda aka nemi hujjoji, da inda kuɗi ya fara fita.

Da karatu na fara. HubSpot, kamfanin Amurka da aka kafa a 2006, yana da makarantarsa ta intanet mai suna HubSpot Academy. Darussan kyauta ne, adireshin imel kawai ake buƙata a yi rajista. Na ɗauki na tallan imel, daga baya na ƙara da na sayarwa. Bidiyo ne gajeru-gajeru da Turanci, a ƙarshe a yi jarabawa ta zaɓi amsa, in ka ci a ba ka takardar shaida mai wa'adi. Masu koyarwar suna da saurin baki, sai na rage gudun bidiyon, na kunna rubutun da ke bin maganar a ƙasa. Akwai kuma kwas ɗin Google na tallan intanet a dandalin karatu na Coursera, wanda aka fara a 2022. Shi biyan wata-wata ne, amma akwai fom na neman tallafi ga wanda ba shi da hali, sai dai ya cika ya jira amsa. Na amfana da karatun ƙwarai. A nan na gane cewa mutum ba ya sayen abu daga jin sunansa: yana ji, ya leƙa, ya gwada, ya yi shakka, sannan ya biya, kuma kowane mataki da irin saƙon da ya dace da shi. Amma da na karɓi takardar shaidar na zauna zan fara aiki, sai na rasa ta ina zan kama. Darussan sun ɗauka kamfaninka ya riga ya mallaki jerin sunaye da adireshin imel nasa na kansa. Mu kuwa shafi kawai muke da shi, shi ma a adireshin aro.

Da ɗan gari akan ci gari. Na nemi wani yayanmu a harkar, wanda ya daɗe yana sayar wa kamfanoni manhaja. Na ce, "Yaya, me zai hana in zuba adiresoshin mutane a Gmail ɗina in tura musu gaba ɗaya?" Ya ce, "Ƙanena, Gmail na kyauta ba zai bar ka ka wuce saƙo 500 a rana ba, kuma tun kafin ka kai can za a fara jefa ka akwatin tarkace, wato spam. Wanda ba ya so ba shi da hanyar cire kansa, kai kuma ba ka da hanyar sanin wanda ya danna. Je ka sayi sunan kamfaninku tukuna, in ka gama ka dawo mu yi magana." Na so in yi musu, don ɗokin tura saƙo nake yi, amma na bi maganarsa.

Sayen domen, wato sunan kamfani a intanet, bai ɗauki lokaci ba. Ana biya shekara-shekara da katin banki, a cika suna da adireshi da lambar waya, sai a turo saƙon tabbatarwa wanda dole a danna, in ba haka ba za a iya dakatar da sunan. A nan kuɗi ya fara fita. Abin lura shi ne farashin shekarar farko sau da yawa rangwame ne, ka duba na sabuntawa kafin ka biya. Daga nan muka buɗe imel na ofis da sunan domen ɗin, shi kuma kowane mutum da kuɗinsa a wata, don haka muka fara da akwati ɗaya.

Matakin da ya biyo baya shi ne ya fi ruɗa ni, kuma babu darasin da ya tsaya a kansa yadda ya kamata. Kowane domen yana da wurin ajiye bayanansa da ake kira DNS, kuma akwai layuka uku da za ka saka a can kafin masu karɓar saƙo su yarda kai ne ka turo. Na farko SPF, yana faɗin kwamfutocin da aka amince su tura saƙo da sunanka. Na biyu DKIM, kamar hatimin da ake bugawa a kan wasiƙa, mai karɓa ya duba ya tabbatar daga gare ka ta fito kuma ba a taɓa ta a hanya ba. Na uku DMARC, umarni ne ga mai karɓa kan abin da zai yi da saƙon da ya zo da sunanka amma bai ci jarabawar SPF da DKIM ba: ya ƙyale shi, ya jefa shi tarkace, ko ya ƙi karɓa. Na zauna da ɗaya daga cikin masu rubuta manhajarmu, ni ina karanto doguwar jerin haruffan DKIM, shi yana dubawa a allonsa harafi bayan harafi. Ya nuna min tarko biyu. Layin SPF guda ɗaya tak ake yarda da shi, in kana da na imel ɗin ofis ba za ka ƙara na biyu ba, haɗa su za ka yi a layi ɗaya. Sannan wasu masu sayar da domen suna liƙa sunan domen ɗin da kansu a ƙarshen abin da ka rubuta, in ka rubuta shi cikakke sai ya fito sau biyu, layin ya ƙi aiki, kai kuma a idonka komai daidai yake. Bayan mun saka sai jira, domin sauyin DNS na iya kai awa 48 kafin ya bazu. Na riƙa leƙa allon ina ganin jan alama, zuciyata tana ce min mun ɓata wani abu. Da ta koma kore, na tura wa kaina saƙo a Gmail, na buɗe wurin da ake nuna asalin saƙo, na ga kalmar PASS a gaban duka ukun.

Wannan aikin yanzu ya zama wajibi. Tun watan Fabrairun 2024 Google da Yahoo suka tsaurara sharuɗɗa. Duk mai turo saƙo Gmail sai ya kasance da SPF ko DKIM. Mai turo saƙo 5,000 ko fiye a rana kuwa sai ya haɗa duka ukun, ya saka hanyar da mutum zai cire kansa da dannawa ɗaya, kuma, kamar kowane mai turowa, masu kai ƙararsa a matsayin tarkace kada su kai kashi 0.3 cikin ɗari, wato mutum uku a cikin dubu. Mu ba mu kusa da 5,000 ba, amma ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai zaɓen manhajar tura saƙo. Na duba Mailchimp, wanda aka kafa a 2001 kuma Intuit ya saye shi a 2021, da Brevo na Faransa wanda ake kira Sendinblue kafin 2023, da MailerLite. Dukansu suna da tsarin kyauta mai iyaka, kuma iyakar tana canjawa, don haka shafinsu za ka duba a ranar da za ka yi rajista. Abin da ya kamata ka gane shi ne yadda suke lissafin kuɗi. Wasu da yawan sunayen da ke jerinka suke caji, ko ka tura ko ba ka tura ba. Wasu kuma da yawan saƙon da ka tura. In za ka tara mutane da yawa kana tura musu jefi-jefi, na biyun ya fi maka sauƙi. In mutanenka kaɗan ne kana yawan yi musu magana, na farkon. Na zaɓi ɗaya na cika fom. Sun nemi adireshin inda kamfani yake, wanda zai fito a ƙasan kowane saƙo, domin dokar Amurka ta CAN-SPAM ta 2003 ta wajabta hakan, kamar yadda ta wajabta a cire wanda ya nemi fita cikin ranakun aiki 10. Daga nan aka ce ana duba asusuna, ba zan iya turawa ba tukuna. Aka tambaye ni ta yaya na samu adiresoshin, me nake sayarwa, ina fom ɗin da mutane ke cikawa. Na ji wani iri, kamar ana tuhumata da laifi. Daga baya na gane ƙa'idarsu ce ga sabbin shiga, domin mu duka kwamfutocin turawa ɗaya muke amfani da su, in mutum ɗaya ya ɓata musu suna kowa zai ji a jikinsa. Na tura mahaɗin shafinmu da hoton fom ɗin da samfurin saƙo, aka buɗe. Wanda ya tanadi waɗannan ukun tun farko zai rage wa kansa jira.

To, ga manhaja, ina mutane? A daidai lokacin wani ya yi min tayin jerin adiresoshi dubbai, wai duk 'yan kasuwa ne. Na kira yayan nan nawa, ya ce, "Kada ka kuskura." A irin wannan jerin akwai adiresoshin da suka daɗe da mutuwa, akwai kuma waɗanda masu yaƙi da tarkace suka dasa da gangan don kama masu tura saƙo ba izini. Manhajojin da na duba duk sun haramta jerin da aka saya, kuma in a cikin mutanen akwai mazauna Tarayyar Turai, ga dokarsu ta kare bayanan mutane, GDPR, da ta fara aiki a 25 ga Mayun 2018 tana jiranka. Ni abin da ya fi tsaya min a rai ma ba dokar ba ce. Mutumin da bai san ka ba, bai neme ka ba, ka faɗo masa akwati da talla, da wace fuska za ka ce ya amince maka da lissafin kasuwancinsa? Sai muka yi ƙaramin shafi mai fom da ke neman suna da imel kawai, muka yi alkawarin abu ɗaya mai amfani: samfurin takardar neman biya da wasiƙar tunatar da mai bashi cikin mutunci. Na kunna tsarin tabbatarwa sau biyu, wato wanda ya cika fom sai ya danna mahaɗin da aka tura masa kafin sunansa ya shiga. Wasu suna cikawa ba su danna ba, a rasa su, abin da ciwo. Jerin ya riƙa tafiya a hankali, wata rana mutum biyu, wata rana babu kowa, abokan aikina suna tambaya ina dubbai ɗin da ake faɗa. Wannan lokacin ya fi kowane nauyi a gare ni.

Saƙon farko na so in ƙawata shi, don manhajar cike take da samfura masu launi. Da na tura wa kaina gwaji na buɗe a waya, sai na ga hotunan sun daɗe ba su fito ba, rubutun ya yi ƙanana. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su sani ba: in nauyin rubutun saƙo ya wuce kilobayit 102, Gmail yana yanke shi, kuma abin da ke ƙasa, har da mahaɗin cire suna, sai ya ɓuya. Na koma saƙo mai sauƙi, kamar wasiƙa daga mutum zuwa mutum, da sunana a wurin mai turowa, da buƙata guda ɗaya da maɓalli guda ɗaya. Wurin da manhaja ke saka sunan kowane mai karɓa da kanta, na tanadi kalmar da za ta maye gurbi in babu suna, don kada wani ya ga gaisuwa da gurbi a buɗe. Da yake domen ɗinmu sabo ne, masu karɓa ba su san halinsa ba, sai na fara da mutane kaɗan waɗanda na san za su buɗe, ina ƙarawa mako-mako. Bayan kowane turawa akwai saƙonnin da ke dawowa. Wanda ya dawo don babu adireshin kwata-kwata, cire shi ake yi nan take. Wanda ya dawo don akwati ya cika, ana iya sake gwadawa.

Allon lissafi yana da jan hankali, musamman adadin waɗanda suka buɗe saƙo. Na yi murna da shi har sai da na fahimci yadda ake ƙirga shi. Ɗan ƙaramin hoto ne da ido ba ya gani ake ɓoyewa a cikin saƙon, in ya sauka a wayar mutum sai a ce ya buɗe. Tun watan Satumbar 2021, da fitowar iOS 15 na wayar iPhone, manhajar imel ta Apple tana iya sauke hotunan da kanta ko mai wayar bai duba ba, don kare sirrinsa. Ke nan adadin yana kumbura. Na daina dogara da shi, na koma kan wanda ya danna, da wanda ya amsa, da wanda ya yi rajistar gwada manhajarmu. Don in san daga wane saƙo mutum ya zo, na koyi liƙa alamomin UTM a ƙarshen mahaɗi, waɗanda ke faɗin tushe da hanya da sunan kamfen, sai su bayyana a Google Analytics, manhajar Google mai ƙirga masu ziyartar shafi. A nan ma a yi hattara da tsofaffin darussa, domin tun 1 ga Yulin 2023 tsohon tsarin Google Analytics ya daina karɓar bayanai, sabon mai suna GA4 ya maye gurbinsa, kuma allonsu bai yi kama ba. Gwajin kanun saƙo biyu don a ga wanda ya fi, wanda darussa ke yabawa sosai, na ajiye shi gefe. In mutanenka 'yan ɗaruruwa ne, bambancin mutum uku ko huɗu sa'a ce kawai.

Saƙonni masu tafiya da kansu su na koya bayan haka, kuma ban yi da yawa ba. Jeri ɗaya na maraba: na farko ya kai kyautar da aka yi alkawari nan take, na biyu bayan 'yan kwanaki ya nuna yadda ake fitar da takarda a manhajar, na uku ya yi tambaya. Abin da za a tuna shi ne a saka sharaɗin fita, wanda ya riga ya biya kada a ci gaba da roƙonsa ya saya. Saƙo na ukun layi biyu ne kacal, ina tambayar me ya fi ba su wahala wurin karɓar kuɗinsu, kuma amsar tana zuwa akwatina kai tsaye. Ba na son adireshin nan da ake rubuta kada a amsa, a ganina rufe ƙofa ne a fuskar kwastoma. Wata mata ta amsa da tambaya ɗaya: "Malam, in na daina biya, bayanan kwastomomina fa?" Na rubuta mata cewa za ta iya sauke su duk lokacin da ta so. Bayan ta sai wasu suka yi irin tambayar da kalmomi daban-daban. Mu muna ta tallan sauri da sauƙi, su kuwa tsoron rasa bayanansu ne ke riƙe su. Na sake rubuta saƙo na biyu a kan wannan, muka saka amsar a shafin farashi.

Da amsoshi suka fara yawa, kaina ya kasa riƙe wa na yi wa alkawarin kira, wa ke jiran farashi. A nan ne manhajar kula da kwastomomi, CRM, ta zama dole. Da farko teburin lissafi na Google Sheets ya wadatar, kuma ina ba da shawarar a fara da shi, domin a nan za ka gane matakan cinikinka na gaskiya. Namu biyar ne: ya nuna sha'awa, mun yi magana, yana gwadawa, ya biya, ya fasa. Da na koma CRM na kyauta, waɗannan na kwafa, na goge sauran matakan da manhajar ta zo da su. Doka ɗaya na kafa wa kaina: kowane suna sai ya kasance da aiki na gaba da ranarsa. Wanda ya fasa kuma sai na rubuta dalili, ko da kalma biyu ce, kuma wannan layin dalilan ya fi duk wani allon lissafi amfani a taronmu na mako. Don haɗa fom da CRM ba tare da rubuta manhaja ba na yi amfani da Zapier, wanda shi ma tsarin kyautarsa yana da iyakar ayyuka a wata.

Da zan sake bi, zan sa domen da layukan DNS a makon farko, in buɗe fom tun kafin manhajarmu ta gama nuna, domin tara mutane ne ya fi cin lokaci, sannan in riƙa ɗaukar darasi daidai lokacin da nake buƙatarsa. Kuɗin wata-wata kuma kada a yi gaggawar shiga, sai iyakar kyauta ta tare ka da gaske. In ta tare ka, ka fara duba jerin, domin wasu manhajojin suna ƙirga har waɗanda suka cire kansu muddin ba ka kwashe su zuwa ma'ajiya ba. Waɗanda suka yi watanni ba su danna komai ba ina tura musu tambaya ko suna so su ci gaba, in shiru sai in cire. Kowane wata ina sauke kwafin jerin in adana, tare da ranar da kowa ya ba da izini.

Akwai aiki ɗaya da ya rage mana har zuwa kwanan nan. DMARC ɗinmu mun bar shi a matakin sa ido kawai, rahotanni suna zuwa a fayilolin da mutum ba zai iya karantawa da ido ba sai ya zuba su a manhajar da ke warware su. Da muka warware, sai muka ga takardun neman biya da manhajarmu ke tura wa kwastomomin 'yan kasuwa suna fita ta wata hanya dabam wadda ba ta ɗauke da DKIM ɗinmu. Da mun tsaurara umarnin kafin mu duba, da takardun kuɗin mutane sun faɗa tarkace. Muka saka wa hanyar nata DKIM, muka ware wa saƙonnin talla ƙaramin domen a ƙarƙashin babban, don in wani ya kai ƙarar talla kada abin ya yi wa takardun biya nauyi sosai. Sai da rahotannin suka riƙa zuwa da tsabta makonni a jere, sannan muka ɗaga umarnin zuwa matakin jefa saƙon bogi tarkace. Matakin ƙin karɓa gaba ɗaya muna jira sai mun gama haɗa manhajar amsa koke-koken kwastomomi, domin ita ma da sunanmu za ta riƙa tura saƙo.